Haruffan yatsu kaɗai sun isa a yi magana da kurma?

Sabon_Dalibi: Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce ga masana. Idan mutum ya haddace haruffan nan 26 da ake yi da yatsu, ba shi ke nan ya iya yaren kurame ba? A ganina duk kalmar da kake so sai ka harhaɗa ta harafi bayan harafi. Inda abin ya kakare a ɗauko biro da takarda, ko ka yi magana a hankali ya kalli bakinka. To me ya sa ake cewa sai an yi shekaru ana koyo, kuma ba a taro da kurame sai da tafinta?

Malamar_Kurame: Wa alaikumus salam. A'a ɗan'uwa, da sauran aiki. Haruffan yatsu rubutu ne a iska, kuma abin da suke rubutawa kalmomin masu ji ne. Kurame suna ɗauko su ne wajen sunan mutum, sunan gari, ko kalmar da ba ta da alama tukuna. Hirar kanta da alamomi ake yin ta, kuma kowace alama abu biyar ne ya haɗa ta: siffar hannu, wurin da aka kai hannun, motsinsa, inda tafin hannu ya fuskanta, sai abin da fuska take yi a lokacin. Ka canza ɗaya, ka canza magana. A yaren kurame na Amurka, buɗe yatsu biyar ka taɓa goshi da babban yatsa, ka ce uba. Hannun nan dai, ka sauko da shi haɓa, ka ce uwa. Wuri kawai ya bambanta su.

Tafinta_Biyu: Ƙari a kan na Malama, fuska nahawu ce, ba ado ba. A wannan yaren dai, tambayar da amsarta i ko a'a ce ana ɗaga gira, tambayar wa, me, ina, yaushe kuma ana haɗe gira. Wanda ya yi alamomin daidai fuskarsa a sake, ya faɗi magana ce kawai, bai yi tambaya ba, sai ya tsaya yana jiran amsar da ba za ta zo ba. Sannan akwai amfani da fili. In kana ba da labarin mutum biyu, sai ka ajiye ɗaya a damanka, ɗaya a hagunka ta hanyar nuni. Daga nan alamar bayarwa in ta tashi daga dama zuwa hagu, an san wanda ya ba wani ba tare da an sake kiran suna ba. Haruffan yatsu ba su da hanyar yin wannan.

Sabon_Dalibi: To ai na ɗauka yaren ɗaya ne a duniya. Me ya kawo "na Amurka" kuma?

Dan_Tarihi: Ko kusa ba ɗaya ba ne. Ingila da Amurka Turanci ɗaya suke yi da baki, amma kuramensu ba sa fahimtar juna kai tsaye. Har haruffan yatsun ma, na Ingila da hannu biyu ake yi, na Amurka da hannu ɗaya. Na Amurka ya fi kusa da na Faransa, saboda wani malami kurma Bafaranshe, Laurent Clerc, yana cikin waɗanda suka kafa makarantar kurame ta garin Hartford da ke Amurka a 1817. Shi kuma yaren na Amurka ya shigo makarantun Afirka ta hannun Andrew Foster, baƙar fatan Amurka kuma kurma, wanda ya fara a Gana a 1957, ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960, ya kafa makarantu sama da 30 kafin rasuwarsa a 1987. Shi ya sa yaren da ake koyarwa a makarantun kurame na Najeriya yake da tushe a na Amurka. Amma kuramen ƙasar Hausa suna da maganar hannu tasu ta gado, wadda ba ta makaranta ta biyo ba, kuma yare ne mai zaman kansa.

Kurma_Ne_Ni: Madalla da wannan bayani na ƙarshe. Ana yawan mantawa da shi. Sai wanda ya yi makaranta ya raina alamomin dattijon da bai yi ba, ya ce wai "na gida" ne. Ai shi ma da ƙa'idarsa.

Baban_Yara: Ni dai ina tare da mai tambaya a batun kallon baki. Ai akwai kuramen da in kana magana suna gane komai.

Likitan_Kunne: Baban_Yara, gwada wannan a gaban madubi ba tare da ka fitar da murya ba: bata, ɓata, mata. Leɓe rufewa ɗaya yake yi a duka ukun. Sannan ka gwada kafa da ƙafa. K da ƙ da g can cikin baki ake yin su, ido ba ya kaiwa. Ga karin sauti, hawa da saukar murya, wanda Hausa ta dogara da shi sosai, shi kam ba a ganin sa sam. Wanda ka ga yana gane magana ta kallon baki, yawancin aikin hasashe yake yi: ya san batun da ake kai, ya san mai maganar, sai ya cike gurbin da ƙwaƙwalwa. Galibi kuma mutum ne da ya taɓa ji kafin ya kurmance, ko mai sauran ji kaɗan. Wanda aka haifa kurma ana neman ya gane siffar sautin da bai taɓa ji ba ne. Kuma aiki ne mai gajiyarwa ƙwarai. In kuma ka ɗaga murya ko ka wage baki don ka taimaka masa, siffar leɓen ce take lalacewa, ka ƙara masa wahala. Gashin baki mai yawa, cin cingam, takunkumi, juya kai gefe, duk suna yanke zancen.

Hajiya_Mai_Allo: Batun takarda ma a yi hattara. Rubutu hoton yaren baki ne. Yaron da aka haifa kurma, Hausa ko Turanci yare na biyu ne a wurinsa, kuma ya koye shi ba tare da ya ji shi ba. Wasu sun ƙware sosai, wasu kuma makarantar da suka samu ba ta kai su nan ba, ba don ƙarancin basira ba. In za a yi rubutu: jimla gajera, batu ɗaya a layi ɗaya, a rubuta lamba da alƙaluma, a bar karin magana da habaici. Kada ka tambaye shi "ka gane?" don zai gyaɗa kai ya huta. Ka ce ya nuna maka abin da zai yi.

Mai_Shirya_Taro: Tunda an ambaci tafinta, don Allah a faɗa mana yadda ake tsara zauren. Wasu suna ɗauko tafinta amma a ƙarshe kuramen su ce ba su amfana ba.

Tafinta_Biyu: Yawancin matsalar ba daga tafintan take ba, daga zauren take. Na farko haske: ya faɗo a kan fuska da hannun tafinta daga gaba. In taga ko fitila mai ƙarfi tana bayansa, inuwa kawai ake gani. In za a kashe wuta don nuna majigi, a bar fitila ɗaya a kansa. Na biyu wuri: ya tsaya kusa da mai jawabi da allon, yadda ido zai ɗauke su tare, ba a can ƙuryar dandamali ba. Bayansa ya zama bango mai launi ɗaya, ba labule mai zane ko mutane masu kai da komo ba. Rigarsa ma mara zane, mai launin da zai fito da hannunsa. Kurame a ba su kujerun gaba, kada mai hoto ya gitta. In taron ƙarami ne, a jera kujeru kamar rabin da'ira don kowa ya ga kowa.

Na uku, wanda aka fi karya shi: a wurin kurma, ido ne kaɗai yake aikin kallo da na sauraro. Mai ji zai iya duban allo yana jin bayani. Kurma in ya dubi allo ya rasa tafinta. Saboda haka mai jawabi in ya ce a duba wannan jadawali, ya yi shiru na ɗan lokaci a duba, sannan ya ci gaba. Haka in an raba takarda. Kuma tafinta yana bayan mai magana da 'yan daƙiƙoƙi, dole ne, don sai ya ji ma'anar jimla kafin ya juya ta. In aka ce "akwai mai tambaya?" aka wuce nan take, kurma bai ma ga tambayar ba an rufe ƙofa. A jira. Mutum ɗaya ya yi magana a lokaci ɗaya, ya ɗaga hannu a san shi ne.

Na huɗu, taron da zai wuce awa ɗaya tafinta biyu yake so, suna karɓeɓeniya duk minti 20 zuwa 30. Ba lalaci ba ne. Bayan wannan lokaci kuskure yakan fara yawa, shi kansa bai sani ba. A ba su takardar jawabi, sunayen baƙi da kalmomin fannin tun kafin ranar.

Kurma_Ne_Ni: A ƙara da wannan: ni za ka kalla in kana magana da ni, ba tafinta ba. Kada ka ce masa "gaya masa kaza". Ka ce "kana so kaza?" kai tsaye. Ni zan riƙa kallon tafinta, wannan ba raini ba ne, can sautin yake. Kuma kafin a ɗauki tafinta a tambayi kuramen da za su zo ko suna fahimtar sa. Masu ji ba za su iya tantancewa ba, duk mai kaɗa hannu gwani ne a idonsu.

Dan_Tarihi: Abin da ya faru a taron tunawa da Nelson Mandela a Disambar 2013 ke nan. Mutum ya tsaya kusa da shugabannin duniya yana kaɗa hannu ba ma'ana, kurame ne suka tona shi.

Injiniya_Waya: Ni fa ina ganin duk wannan ya kusa zama tarihi. Waya tana juya magana zuwa rubutu nan take, ga na'urar ji, ga dashen da ake yi a cikin kunne. Gara a sa kuɗin a nan.

Likitan_Kunne: Injiniya, kowace na'ura da iyakarta. Na'urar ji ƙara sauti take yi, ba ta gyara abin da ya lalace a cikin kunne. Tana amfanar mai sauran ji, a ɗaki mai shiru, mai magana yana kusa. A cikin hayaniya takan ɗaga har da hayaniyar. Dashen kuma tiyata ce, da na'urar waje da ake saitawa lokaci bayan lokaci, da horon sauraro na shekaru. Ba kowa ya dace da shi ba, kuma da zarar an cire na'urar wajen, ko batir ya mutu, mutum kurma ne kamar da. Manhajar waya kuwa tana tuntuɓe a kan sunaye, hayaniya, da mutum biyu masu magana tare, kuma hanya ɗaya take bi: ta kawo masa maganarka, ba ta kai maka tasa ba.

Tunda an zo nan, ga masu kula da na'urar ji. In tana fito, yawanci abin da ake cusawa a kunnen ne bai zauna daidai ba, ko dattin kunne ya toshe hanya, sautin yana fita yana komawa makirufo. A yara ƙanana kunne yana girma da sauri, sai an riƙa sake auna shi. Batir ɗin da iska yake aiki: in ka ɓare takardar da ke manne, ka jira kamar minti ɗaya kafin ka sa, kuma mayar da takardar ba ya tsayar da shi.  Da dare a buɗe murfin batir, a ajiye na'urar a gwangwani mai maganin danshi, don gumi da laima ne suka fi kashe ta. A ɓoye batir daga yara, haɗiye shi haɗari ne na gaggawa.

Baban_Yara: To amma Likita, an ce in aka koya wa yaro alama da wuri, sai ya yi kasala ya ƙi koyon magana da baki.

Malamar_Kurame: Baba, wannan zancen ya daɗe yana cutar da yara. Ya samu ƙarfi ne a taron malaman kurame da aka yi a birnin Milan na Italiya a 1880, inda aka yanke cewa a koyar da baki kawai a bar hannu. Shekaru da dama ana hana yara alama a aji. Sai a 1960 William Stokoe na kwalejin kurame ta Gallaudet da ke Amurka ya nuna cewa yaren hannu yare ne cikakke mai tsarin kansa. Haɗarin gaske shi ne yaro ya wuce shekarunsa na farko ba shi da yare ko ɗaya, ana jiran na'ura ta yi aiki. Ƙwaƙwalwa ba ta jira. Yaron da ya samu alama tun yana jariri yana da abin da zai yi tunani da shi, ya yi tambaya, ya gina karatu a kai, kuma wannan ba ya hana shi koyon magana in yana da halin yi. Fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne, don haka gidan ne gaba ɗaya zai koya, ba yaron kaɗai ba. In an bar shi shi kaɗai, za a zauna ana hira ana dariya, in ya tambaya a ce "ba komai, zan gaya maka anjima".

Kurma_Ne_Ni: "Anjima" ɗin nan ba ta zuwa.

Likitan_Kunne: Ƙa'idar da ake bi a inda ake gwajin jarirai ita ce 1-3-6: a gwada ji kafin wata 1, a tabbatar da sakamako kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Gwajin ba ciwo, ana yin sa jariri yana barci. Kada a dogara da tafa hannu a bayansa, yana iya jin iskar ko ya ga inuwa ya waiwayo. Yaron da ya tashi daga sanƙarau a gwada jinsa da wuri ko da ya ga kamar lafiya lau, don ciwon yana iya sa ƙashi ya cike cikin kunne, dashe ya yi wuya daga baya. Haka wanda ya yi ƙyanda, ko shawara mai tsanani yana jariri, ko aka yi masa allurai irin su gentamicin.

Yar_Jinya: A asibiti kuma abu uku. Kiran layi da baki yana sa kurma ya wuni a benci an wuce shi, a yi amfani da lamba a allo ko a je a taɓa shi. Kada a mai da ɗansa ƙarami tafinta, yaro ba ya iya ɗaukar bayanin cuta, kuma akwai abin da uwa ba za ta faɗa a gabansa ba. Bayanin magani a zana shi: rana, wata, adadin ƙwaya. In za a sa ruwa, a tambaye shi hannun da ya fi magana da shi a bar masa shi.

Mai_Shirya_Taro: Bidiyo fa? Muna sa tafinta a ɗan da'ira a ƙasan allo.

Tafinta_Biyu: Ɗan da'irar nan a waya ba a ganin yatsu balle gira. Hukumar kula da gidajen talabijin ta Birtaniya ta ce kada ya gaza kashi ɗaya cikin shida na allo. A ɗauke shi daga saman kai zuwa kugu, da sarari a gefe don kada hannu ya fita, kuma kada tambari ko rubutun labarai ya hau kansa. Rubutun ƙasan allo shi ma a sa, layi biyu kawai a lokaci guda, don wanda ya kurmance da girma sau da yawa bai iya alama ba, rubutun ne nasa. Ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Sabon_Dalibi: Na karɓi gyara. Amma a dawo kan tambayata: haruffan ba su da amfani ke nan? Ta ina mai koyo zai fara?

Malamar_Kurame: Suna da amfani, da su za ka faɗi sunanka ka kuma tambayi alamar abin da ba ka sani ba. Ka riƙe hannu daidai kafaɗa, tafi yana kallon abokin magana, kada ka riƙa buga kowane harafi kamar mai sara. Tsabta ta fi sauri. Yin su sauƙi ne, karanta na wani shi ne wuya, don haka ka koyi ganin siffar kalmar gaba ɗaya maimakon kiran harafi ɗaya-ɗaya a zuci. Ka zaɓi hannu ɗaya ya zama jagora, wanda kake rubutu da shi, kada ka riƙa sauyawa. Fuskar mutum za ka kalla, hannun zai shigo ta gefen ido. Ka fara da gaisuwa, tambayoyi, lambobi, lokaci, dangi, da "sake yi" da "a hankali". Ka kashe muryarka lokacin koyo, don in kana magana kana alama tare, jerin kalmomin baki ne zai ja hannunka. Minti 15 kullum ya fi awa uku ranar Asabar. Malami kuma ya zama kurma in da hali.

Kurma_Ne_Ni: Da ladubban shiga cikinmu. Kiran mutum: taɓa kafaɗa a hankali, ɗaga hannu inda zai gani, ko kunna wuta a kashe sau ɗaya ko biyu. Ban da jifa, ban da kama haɓa, ban da riƙe hannun mai magana, wannan toshe baki ne. In mutum biyu suna hira a hanya, wuce ta tsakaninsu kai tsaye, tsayawa kana sunkuyawa shi ya fi katse su. In za ka fita daga ɗaki ka faɗa, ba ma jin ƙarar ƙofa. Tafi kuma hannu ake ɗagawa sama a karkaɗa. Sunan alama ba kai za ka raɗa wa kanka ba, kurame ne za su ba ka in sun san ka.

Injiniya_Waya: Har yanzu ina nan a kan cewa bidiyon intanet ya ishi mai farawa. Ba kowa ke da kurma kusa ba.

Hajiya_Mai_Allo: Ya ishe shi tara kalmomi, Injiniya, amma bidiyo ba ya ce maka ka yi kuskure. Kuma yawancin abin da ke intanet na Amurka ne ko na Ingila. Mutum zai haddace ɗari biyu ya je wurin maƙwabcinsa kurma ya tarar ba alamominsa ke nan ba.

Dan_Tarihi: Duk da haka wanda ya fara da na Amurka bai yi asara ba in kuramen da zai yi hulɗa da su 'yan makaranta ne, da yawa za su zo ɗaya.

Hajiya_Mai_Allo: In 'yan makaranta ne. In dattijuwa ce da ba ta taɓa shiga aji ba, haruffan yatsun ma ba za su yi masa komai ba, tunda ba boko take karantawa ba. Sabon_Dalibi, wa kake son yin magana da shi tukuna? Faɗa mana wannan, sai a san wanda za a ce ka fara da shi.